Takardar Ummaru da Binnen Ƙarshe

Tashi daga Sakkwato

Ana idar da sallar asuba na saɓa jaka. Maiɗakina ta biyo ni ƙofa da gorar ruwa, tana cewa ita dai ba ta taɓa ganin wanda ya yi sammako don ya kirawo mai karɓe masa kujera ba. Na ce ai kujerar ba ta zama tawa ba tukuna. Ta ce to, Allah ya kiyaye hanya.

Ga abin da ya fitar da ni. Hukumarmu ta tura mu kwas na wata uku a kan tsara aikin hukuma gaba ɗaya: wane ofis ke ba wane bayani, wace na'ura ke riƙe da me, wa ke jiran sa hannun wa. A ofis ana ce masa kwas ɗin akwati da kibiya, don duk wanda ya leƙa ajinmu abin da yake gani a allo ke nan. Aka yi jarrabawa, takardun shaida suka iso. Ummaru na ofishinmu na Isa ya zo na ɗaya, ni na bi masa. Darakta ya ce na ɗayan ne zai riƙe sabon sashen da aka buɗe a hedikwata, muddin ya bayyana ran Litinin. In bai zo ba, sai na biyu.

Ummaru kuwa tun ranar da muka ajiye biro ya wuce gida, wayarsa ba ta shiga. Wata uku muna ɗaki ɗaya, kwano ɗaya, kuma rabin abin da na rubuta a jarrabawar shi ya koya mini. Ina son kujerar, ba zan ɓoye muku ba, amma ba ta wannan hanya ba.

Hanyar Isa

Motar ta mutum shida ce, direba ya ga mun yi kama da tara. A shingen farko wani jami'i ya nuna babban ambulan da na rungume.

"Mi ac ciki, Malam?"

"Takardar shaidar kwas."

"Kwas na mi?"

Na fara bayanin akwati da kibiya. Direba ya ce, "Yallaɓai, don Allah bar shi, in yaf fara sai azahar." Aka ɗaga mana gorar shingen.

Daga Achida zuwa gaba dariya ta ƙare. Watan bakwai ne, lokacin da gero ya kamata ya kai gwiwa, amma gonaki fayau. Ana ganin layin shuka, kowane rami da ɗan busasshen ganye a kwance. Manyan motoci suna ta wuce mu zuwa inda muka fito, ɗauke da mata da yara da turmi da katifa. Wata tsohuwa a bayana tana ambaton sunan Allah duk wadda ta gifta.

Isa zuwa Sabon Birni

Mun shiga Isa da hantsi. A ofis mai gadi ya ce Ummaru ya ɗauki hutu ya tafi ƙauyensu a ƙasar Tsamaye. Na sha fura a bakin kasuwa, fura dai da suna, don nonon leƙa ta kawai ya yi. Mai furar ta ce shanun sun yi kudu, in yi haƙuri.

Sai bayan la'asar na sami motar Sabon Birni. A gulbi na ga mutane sun haƙa ramuka a tsakiyar yashi, suna kwasar ruwa da ƙoƙo. Na sauka a gidan wani malamin Islamiyya, abokin Ummaru. Aka kawo tuwon dawa da miyar kuka, ya ce shi ya riga ya ci. Ban yarda ba, na dai bar rabi a kwano.

Ƙauyen su Ummaru

Da sassafe ɗan kabu-kabu ya ɗauke ni. Sau biyu muka sauka muka tura babur a yashi. Da muka shiga garin na ga gidaje da yawa an toshe ƙofarsu da ƙaya, ya ce masu su sun tashi.

Na tarar da mahaifin Ummaru a zaure, tsoho tukuf, ido ya yi nisa. Na durƙusa na gaishe shi.

"Suna gona, ɗana."

"Gona, Baba? Da wane ruwa?"

"Binne suka yi yau."

Ni ɗan birni ne, binne a baki kawai na san shi: a zuba iri a busasshiyar ƙasa a rufe, a bar shi ya jira ruwan sama. Na same su a kai. Ummaru yana gaba da sungumi yana sara, ƙannensa biyu da matan gidan suna biye suna jefa iri suna rufewa da diddige. Ya rame har sai da na dube shi sau biyu.

"Sa'idu! Mi yak kawo ɗan fanka cikin ranag ga?"

Na miƙa masa ambulan. Ya goge hannu a riga, ya zaro takardar ya riƙe ta gefe-gefe, ya karanta sunansa. Ya yi murmushi irin na yara. Na gaya masa maganar Darakta da ta Litinin, har da cewa in bai zo ba ni ne.

Ya ja ni gefe, ya juya ƙotar sungumi ya fara zane a ƙasa. Akwati ɗaya Baba. Biyu ƙannensa da iyalansu. Ɗaya matar wansa da 'ya'yanta. Ɗaya rijiya, wadda sai an shiga an yashe ta kowane mako. Ya ja kibiyoyi, duka suka sauka a kan akwati guda a tsakiya.

"Ka tuna abin da Malamar kwas ɗinmu tac ce? A nemi akwatin da in an cire shi aiki duka ya tsaya. Na neme shi, ga ni. Ƙannen nan nawa kayansu na ɗaure. Sun ce in mai boko mai albashi ya zamna, to da sauran sa rai. Rad da nit tahi, wanshekare su tahi."

"Malama ta kuma ce irin wannan akwati haɗari ne, a yi mashi na biyu."

"Ta ce. Na biyun shi na wana. Tun bara yat tahi kudu, ko saƙo."

"To albashin can ya ninka naka! Ka aiko masu da hatsi."

"Za ni aiko ma wa? Kuɗɗi ba su jan guga, ba su kai Baba bayan gida."

Raina ya ɓaci. Na ce masa taurin kai ne, na ce ya sha wahalar wata uku a banza, na faɗi har abin da ban so faɗa ba. Ya bari na gama, ya yi dariya.

"Kai kaɗai nis sani mai hushi don an ba shi kujera. Tahi ka riƙe ta da kyau."

Sai na cire takalmi na karɓi ƙoƙon iri. Ƙasar tana ƙuna kamar tanda. Muna tafe yana gaya mini sau biyu suka shuka, sau biyu ta ƙone, kuma wannan shi ne irin ƙarshe. Sai da aka yi gardama a gida, a ci ko a binne.

"In ba a yi ruwa ba fa?" na tambaye shi.

"Ba rashin ruwa nika tsoro ba. Iri na iya kwanciya cikin busasshiyar ƙasa shi jira. Yayyahi nika tsoro. Shi jiƙa shi, shi tsiro, sannan a ɗauke. To nan an gama."

Da muka koma gida ya sa wa Baba takardar a hannu. Tsohon ya shafa tambarin da yatsa, ya sa mana albarka mu biyu. Ummaru bai gaya masa maganar Litinin ba, ya kuma yi mini ido, ni ma na yi shiru.

Komowa ta Goronyo

Washegari na sami motar Sakkwato. Kafin mu kai Goronyo gari ya lumshe, sai ga ɗigo a gilashi. Mota ta kaure da hamdala, wata mata ta rangaɗa guɗa, direba ya miƙa hannu waje ya shafa a fuska. Ni kuwa na tuna maganar Ummaru ta yayyafi. Na juya ina kallon gabas, ina roƙon ko dai ya sauka da ƙarfi ko kada ya je can sam. Ko ƙurar hanya bai gama kwantarwa ba ya ɗauke.

Na iso gida ana kiran magariba. Maiɗakina ta dubi fuskata, ta karɓi jakata. Ran Litinin na sa hannu, aka nuna mini kujera.

Bayan kwanaki Ummaru ya shigo Sabon Birni cin kasuwa, ya kira ni. Ya yi mini murna tukuna, sannan na tambaye shi batun yayyafin.

"Ya iske mu," in ji shi. "Gaɓar yatsa guda yaj jiƙa."

"Ya tsiro?"

"Duka, Sa'idu. Har layin da kat taka. Ban taɓa ganin tsiro mai kyawon wanga ba."

"An ƙara?"

"Ba a ƙara ba."

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Na gode wa direban da ya cece ni a shinge, da malamin da ya ba ni tuwonsa ya kwana da yunwa, da Baba da ya sa mini albarka bai san me na zo ɗauka ba. Ummaru ne ban san irin godiyar da zan yi masa ba. Sabon ofishina yana da taga ta gabas, kuma tun safe nake tashi ina leƙawa. Har yanzu da nake rubuta wannan babu ko gajimare.