Ragon Majigi da Mahaucin Sokode

A kasuwar Sokode nake kallon wani mahauci mai kaurin wuya, da tsohon tabo a babban yatsa. Da ganinsa, gadon fawa ya yi. Yana wasa wuƙa yana huci.

Jiya Faransawa suka nuna majigi a filin makaranta, tatsuniyar yaran Turawa: rago sanye da kwat yana magana, yana roƙon a bar shi da rai. Manya duk da tsaki suka watse.

"Aikin banza!" mahaucin yake ce wa maƙwabcinsa. "Malam Wahabu, tunda nake yanka, wane rago ya taɓa ce mini uffan? Amma yau 'yata, da ta ga majigin nan, ta ƙi karɓar tsire daga hannuna!"

Ragon da ke turke a bayansa ya yi kuka. Wasa wuƙar ya tsaya cak. Bai yarda ya waiwaya ba.