Masu Cewa Tsaya

Jiya ɓera ya fito daga ƙarƙashin firij a ɗan gidana da ke unguwar Plumstead. Na ɗaga tsintsiya, sai na kasa sauke masa ita. Yayana na tuna.

Shekara da shekaru yana binciken ƙwaƙwalwar ɓeraye a wani ɗakin bincike a unguwar Camberwell, ya dawo gida rigarsa na warin magani. Ni ban yi boko ba, amma ba a yi mini bayani sau biyu. Yakan ce, "Ƙanwata, a inda ƙwaƙwalwa ke motsa jiki akwai ƙananan jijiyoyi, aikinsu kawai su ce tsaya. Ba don su ba, hannu ba zai kai loma baki ba."

Da ciwon rawar jiki ya kama shi, ya ƙi yarda a ba shi abinci a baki, har ya rame. Wata safiya na kai masa koko. Cokali a hannunsa na ta buga kofi, kokon na zuba a gemunsa.

"Yaya, bari in riƙe maka."

"Masu tsayar da ni sun gaji," in ji shi.

Na kama wuyan hannunsa, sanyi ƙalau, yana fizga. Kaɗan ya sha. Bai ga azumin shekarar ba.

Allah Ya ba shi littafinsa a hannun dama, hannun kuma ya tsaya cak.