Kabewar Suweiba

Kowa a unguwar Balsall Heath da ke Ingila ya san Suweiba da abu biyu, tsawa da kabewa. Tun da ta baro Kumasi a 1988 take dafa wa yara abinci a wata firamare, mijinta Osmanu kuma yana tuƙa bas. Idan ta tashi aiki sai ta wuce allotment, ɗan filin noman da council, wato ƙaramar hukuma, ta ba ta, ta duƙufa kan irin kabewar da ta zo da shi daga gida. Ƙasar Ingila kuwa ba ta da mutunci. A 2006 duk wahalar nan kabewa ɗaya tak ta nuna mata, ƙatuwa, mai tabo a gefe inda fartanya ta goge ta.

'Yarta ɗaya ce, Hikma, tana jami'a a Manchester. An tura ta karatun haɗa magani, sai ga ta ta shiga ƙungiyar ɗalibai masu raya al'adun Yukren. Suweiba ta rasa gane kan wannan lamari. Ina Kumasi, ina Yukren? Ta tambaya ko akwai maki a ciki, aka ce babu. Rawa ce kawai da waƙa, da zanen ƙwai wanda ba a ci, da zagaya makarantu ana nuna wa yara. Ƙwai kuma a zana a ajiye? Ta ce lalle duniya da faɗi take.

A can Hikma ta haɗu da Ostap, wanda kakanninsa suka zo daga Yukren bayan yaƙin duniya na biyu. Shekara guda ke nan da ya musulunta. Suweiba ta yi wata uku tana cewa ba ta san zancen soyayyarsu ba, har ranar da yaron ya zo gaisuwa. Ya tuɓe takalmi tun daga ƙofa, ya ci tuwo da hannu duk da yaji na sa shi hawaye, ya bi Osmanu sallar la'asar. Wallahi sai ta ji ya kwanta mata a rai.

Amma Suweiba ba mai iya faɗin irin wannan magana ba ce. Da zai tafi, Hikma na sama tana neman jakarta, sai Suweiba ta sunkuto kabewar nan ta ɗora masa a hannu tana murmushi. Fuskar yaron ta canza. Ya dubi kabewa, ya dube ta, ya ce ya fahimta, ya gode, ya fice bai jira kowa ba.

Daga ranar ya daina ɗaga wayar Hikma. Ita kuma ta kira uwarta tana kuka. "Mama, me kika ce masa a bakin ƙofa?"

Suweiba ta rantse ba ta ce komai ba, 'yar ba ta yarda ba. Kyautar kabewa kuwa ko a ranta ba ta kawo cewa abin faɗi ba ce. Sati uku Hikma ba ta zo gida ba, ba ta kira ba. Abin ya yi wa Suweiba ciwo ƙwarai, ga haushi, ga ruɗani. Ta bai wa mutum abin da ta fi so a duniya, ya saka mata da raba ta da 'yarta?

Ran wata Asabar ta ɗaura ɗankwali, ta hau coach, doguwar bas ɗin nan, zuwa Manchester. A gidan da Hikma ke haya a unguwar Fallowfield aka ce mata su Hikma suna bikin ƙungiya a zauren ɗalibai. Ta isa an riga an fara wasan kwaikwayo na neman aure irin na ƙauyukan Yukren. Ta zauna a baya, jaka a cinya, ba ta jin ko kalma ɗaya. Ta dai hango Hikma cikin 'yan rawa, an ɗora mata rawanin furanni a kan mayafi, fuska ba walwala.

Sai ga Ostap ya fito a matsayin mai neman aure. Ya rusuna gaban wata da aka yi wa shigar tsohuwa. Tsohuwar ta shiga ciki, ta fito rungume da kabewa, ta danƙa masa. Zauren ya ɗauki dariya da tafi, shi kuma ya sunkuyar da kai ya juya. Suweiba ta taɓo baturiyar da ke kusa da ita ta tambayi abin dariyar. Matar ta ce ai a al'adarsu in aka ba saurayi kabewa, an ƙi shi ke nan, kada ya sake dawowa.

Suweiba ta ji kunya ta rufe ta tun daga kai har ƙafa. Ta ƙara duban kabewar da ke hannunsa. Ga tabon fartanya nan a gefe. Ashe bai ma iya yar da ita ba.

Ba ta san lokacin da ta miƙe ba. Ta ratsa kujeru tana ture gwiwoyin mutane, ta hau dandamali da takalminta na aiki, ta fizge kabewar daga hannun Ostap. Jama'a suka ɗauka cikin wasan ne, suka ƙara tafi. Yaron ya tsaya baki buɗe. Turancinta duk ya gudu, don haka ta juya wajen 'yarta.

"Hikma, faɗa masa na karɓi kabewata, miya zan yi da ita. Shi kuma ya turo manyansa."