Harsashin Ƙasan Kwali

Harbi biyar na yi, na'urar auna gudu ta nuna duk tafiyarsu ɗaya, ramukan kuma sun taru a tsakiyar takarda. Alhaji Isiyaku, ɗan club ɗinmu na harbi a Erdington, sai murmushi yake. Shi ke son sayar min da kwalin harsashi, ni kuma da harsashin zan shiga gasa a Manchester ranar Asabar.

Abin da ya tsaya min a rai, duk fakitin da muka gwada shi ya zaɓo da hannunsa, kuma daga sama. Ni da na tashi a kasuwa, na san inda ake jera tumatir mai kyau.

Na zura hannu har ƙasan kwalin na ciro wani fakitin, na harba. Wannan harsashi ya yi gudu, wancan ya yi sanɗa, ramuka suka watse.

Ya ce, "Ai sanyi ne, ƙanena."

Na ce, "Alhaji, su na saman, rigar sanyi suka sa?"

Ya rufe kwalinsa, bai ko yi dariya ba.

Wataƙila shi ma haka aka sayar masa. Amma me ya hana hannunsa zuwa ƙasa? Ku faɗa min, na zalunce shi?