Famfon Motar Malam Uwais

Ɗangiwa bakanike ne a Tambuwal, kuma kowa ya san ba ya ɓoye wa mai mota gaskiya, komai ɗacinta. Mutum ɗaya ne bai iya haɗa ido da shi, wato surukinsa Malam Uwais, mahaifin matarsa Rumasa'u.

Wata safiya Malam ya kawo 'yar ƙaramar motarsa, zai je Kebbe duba wansa da ke kwance rai a hannun Allah. Ɗangiwa ya durƙusa ya gaishe shi. Yana jin ƙarar injin ya gane famfon ruwa ne ya lalace, har yana ɗiga, sai an canza shi.

Malam ya ce, "Bel ɗin nan shi ka kuka. Ɗaure shi in wuce."

Ina zai iya musa wa suruki a gaban jama'a? Ya sunkuyar da kai, ya ɗaure bel, ya cika lagireto, ya ajiye masa jarkar ruwa a baya.

A tsakiyar daji motar ta tafasa, inji ya buga. Kafin Malam ya samu babur ya isa Kebbe, har an dawo daga maƙabarta.

Ɗangiwa ya jawo motar, ya gyara inji, ya ɗaura sabon famfo, ya kai ta ƙofar gidan Malam. Yau Ɗangiwa yana da furfura, amma bai manta abin da tsohon ya ce masa ranar ba.

"Allah shi yi maka albarka. Sai dai yanzu ba ni da wanda za ni dubawa."