Kiɗan da Kailu Ya Nemar wa Mai Shi

A ƙasar Kurfai kowane kiɗa da mai shi. Mahauta na da nasu, 'yan kokawa na da nasu, kowane iska na bori kuma da takensa, wanda in an kaɗa masa yake saukowa. Kailu ya tashi a wani ƙauye kusa da Filinge, a gidan da aka gaji garaya, don haka ya san wannan tun bai iya riƙe hauya ba.

A farkon mulkin soja, lokacin da ake haƙa rijiyoyin siminti bayan fari, wani Ba'amurke ya zo ƙauyensu aikin rijiya. Da rana tsaka, in ma'aikata sun koma inuwar gawo, yakan kunna kaset, kullum ita ɗaya. Jita ce ke gudu a ciki, ƙwaya-ƙwaya, kamar ana zuba gero a ƙwarya. Can sai tsirkiya guda ta lanƙwashe, ta ja wani dogon kuka, ta koma inda take. Kailu ya zo ban ruwan awaki ne. Awakin suka sha, suka gaji da jira, suka kama hanyar gida su kaɗai.

"Nasara," in ji Kailu, "wanga kiɗi taken wa na?"

Baturen ya yi dariya, ya haɗa 'yar Hausarsa ya ce ba na kowa ba ne. Mutum ɗaya ne ke kaɗawa, kuma a ƙasarsu masu jita da yawa hannunsa suke kwaikwayo. Kailu ya yarda da rabin maganar. Amma a ce mutum ya wahalar da yatsunsa haka ba wanda yake kira? Wannan bai shige shi ba. Ya raɗa wa makaɗin suna Mai Yatsu, kuma da baƙon zai tafi ya bar masa kaset ɗin.

Jita tsirkiya shida gare ta, garaya biyu. Kailu yakan ari rediyon mushen lakwal, wato malamin makarantar boko, ya zauna bayan rumbu yana neman hanyar da zai cusa ruwan kogi a cikin buta. Gudun ya samu da kaɗan-kaɗan. Kukan ne ya ba shi wuya, sai ranar da yatsansa ya zame ya ture tsirkiya gefe, garayar ta yi kukan da kanta.

"Maigida," in ji matarsa Tasalla, "tunda ka samo shi, ka kaɗa ma hakin gona ko shi ji tausai shi fita."

Ɗangoma, baffan Kailu kuma babban makaɗan wasan bori na ƙauyen, bai ga abin dariya ba. Ya kira shi ya ce, "Ɗana, kana kira ba ka san wa kake kira ba. In wani abu mai wucewa ya amsa, wa za shi sallame shi? Ko ka gaya mini mai shi, ko ka bar shi. In ba haka ba, ba ka ƙara zama tabarmar makaɗa."

Tabarmar nan ita ce gadon ubansa. Kailu ya yi ƙoƙarin barin kiɗan, yatsunsa suka ƙi. Sai ya shiga neman mai shi. Ya kaɗa wa mahauta a kasuwar Baleyara, suka ce ai wannan ko akuya ba ta tsaya a yanka ta da shi. Ya kaɗa wa 'yan kokawa a garin Damana, ba wanda tsikar jikinsa ta tashi. Aka yi wasa bayan wasa, Kailu na tsaye cikin 'yan kallo, wani na zaune a gurbinsa.

Sannan babbar yunwa ta zo, maza suka watse, wasu Yamai, wasu har gaɓar teku. Kaset ɗin ma ta saki, muryarta ta zama kamar ta mai magana cikin rijiya, daga baya ta tsinke. Kiɗan ya rage a hannun Kailu kawai.

Wajen ƙarshen mulkin soja, wata ranar kasuwa, yana zaune a tashar Filinge yana taɓa garaya don kansa, kamyo, babbar motar kaya, ya tsaya. Wani mutum mai furfura ya sauko da akwatin ƙarfe. Manzo ne, ɗan ƙauyensu, wanda ya daɗe a Abijan har an daina tambayar labarinsa. Ya yi taku kaɗan ya tsaya. Da tsirkiyar ta lanƙwashe sai ya ajiye akwatin, ya zauna a kai, hawaye na bin gemunsa.

"Kailu, wa ya ba ka wanga? Shi nika ji cikin ƙirjina tun da mota ta baro Yamai."

Mako na gaba wasu suka sauko, aka sake haka. Labari ya kai ƙauye, Ɗangoma ya sa aka aza shi a jaki, don ƙafa ta riga ta gaza. Ya zauna a tasha yana kallon 'yan cirani suna saukowa, kowa ya ji sai ya rage tafiya, ya dubi arewa inda tuddan Kurfai ke rawa cikin zafin rana.

"To," in ji tsohon, "ashe na masu dawowa na. Kuma ba shi son sallama, gida shika kai su." Ya gyara zama a kan jakin. "Wasan kaka ka zo da wuri. Gurbinka ya gaji da baƙo."

Kailu ya koma tabarma, ya kaɗa wa iskoki takensu har tsufansa. Amma ranar kasuwa ba ta wuce shi a tasha. Wani lokaci, in ya ture tsirkiya ta yi kukan, yakan lumshe ido ya ga Mai Yatsu a wata tasha mai nisa, jita a cinya, yana duban hanya.