Madam Dinatu, Wadda Muka Laƙaba wa "A Dakata"

Kowace safiya, kafin ta ajiye jaka, Madam Dinatu takan buɗe firjin ɗakin gwaje-gwaje na wani asibiti a Azare, ta duba sanyinsa. Sai ta ɗauko ledojin jinin da mutane suka bayar, ɗaya bayan ɗaya, ta ɗaga su a hasken taga. Jini mai lafiya yakan kwanta, ruwa-ruwan samansa fatsi-fatsi. In saman nan ya yi ja, jinin ya lalace, kuma zai iya kashe wanda aka ƙara wa.

Mu ba mu san wannan ba. Abin da muka sani kawai, in ɗan'uwanka na kwance, ita ce ke cewa a dakata. Shi ne muka laƙaba mata "Madam A Dakata", kuma ba da ƙauna ba.

Meram, ungozoma a asibitin, ta ba ni labarin Juwairiyya, wadda aka kawo daga Gadau a daminar 2006, jini ya ɓalle mata bayan haihuwa. Kamar yadda aka saba, mijinta Ya'u ya ba da jininsa tun cikin na wata takwas, aka ajiye mata. Amma a tsakani janareta ya mutu, firji ya daina sanyi.

Madam Dinatu ta ɗaga ledar a taga, ta ce, "Malam Ya'u, wannan ba zai shiga jikin matarka ba."

Ya'u ya ce, "Madam, jinina ne fa! Hanta da alayyahu na yi ta ci na tara shi. Yau ki ce ya ruɓe kamar tumatir?"

"Naka ne, amma ya lalace."

"Ki dai ce kin sayar, kin kawo na wani!"

'Yan dubiya suka taru, kowa na tofa albarkacin bakinsa. Babu wanda ya miƙa hannu a ɗebi nasa. Madam Dinatu kuwa ta shige ciki ta rufe ƙofa. Jininta irin na Juwairiyya ne, ta sa abokin aikinta ya ɗiba. Meram ta ce duk da haka sai da ta tsaya, tana ganin jiri, ta yi wa nata gwajin da take yi wa na kowa, ta tabbatar ya dace, sannan ta bari aka ɗaura. Juwairiyya ta tashi. Ya'u kuwa ya koma gida yana cewa sai da ya ɗaga murya aka fito masa da jininsa.

Madam Dinatu, ke ce kika ji wannan magana ta zagaya kasuwa, kika ci gaba da aikinki. Ke ce garkuwar da ba a gode wa.

Makon jiya aka yi mata walimar ritaya. An jera kujeru a farfajiya, mafi yawansu babu kowa a kai. Garin da 'ya'yansa ke yawo da ran da ta tsare musu! Da ƙyar na iya haɗa ido da ita.

Mun gode, Madam, ki yafe mana. Masu tasowa a aikin, ku koyi taurin kanta. Mu kuma, tana nan cikin gari, ƙofarta a buɗe. Malam Ya'u, in wannan ya iso gare ka, ka kawo Juwairiyya ta gaishe da mai jinin da ke jikinta.